Ciwon Cikin Keziya

Wuƙar ce ta fara faɗuwa daga hannun Keziya, sannan ita ma ta zame daga kan kujerar tsuguno, ta durƙusa a tsakiyar tulin cittar da suke tsagawa, hannunta ɗaya dafe da mara.

"Ya dawo?" in ji Mama Emilia, uwar mijinta, ba tare da ta daina aikin ba.

Keziya ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa ƙasa, tana numfashi ta baki kamar wadda ta yi gudu. Sai a lokacin Emilia ta ajiye tata wuƙar, ta goge hannu a zani, ta tashi da ƙyar saboda gwiwoyinta.

Watan Janairu ne, lokacin da kowane gida a ƙauyukan Jaba yake warin citta. An haƙe ta daga gona, ana tsagawa ana shanyawa a kan duwatsu kafin 'yan saye su zo daga Kafanchan. Azariya, ɗan Emilia, yana aikin gini a Abuja, sai ƙarshen wata yake leƙo gida. Saboda haka aikin bana a kan mata biyun nan ya faɗo, tsohuwa da matar ɗanta.

A ƙauyen nan duk wanda cikinsa ya murɗa, ƙofar Emilia yake fara bugawa. Ta san ciwon ciki kala-kala kamar yadda ta san gonakinta. In yaro ne mai sosa bayansa yana ramewa, tsutsa ce, 'ya'yan gwanda za su fitar da ita. In zawo ne, ganyen gwaiba. In ƙuna ce a saman ciki da ke tashi in mutum ya ji yunwa, ulsa ce, sai a rage barkono. In da zazzaɓi da ciwon kai da ɗacin baki, taifod ce, ba ta wasa da ita, kemis take tura mutum. Afendis ma ta sani, don ta ga yadda ya kama ƙanen marigayi mijinta: a dama yake, kuma mai shi ba ya yarda a taɓa wurin.

Na Keziya a hagu yake. Kwana da kwanaki yana zuwa yana tafiya. Da farko Emilia ta ce iska ce, waken da suka ci ne, ta jiƙa mata kanwa. Da bai tafi ba ta ce ulsa ce, tunda Keziya ta shiga azumin sabuwar shekara da cocinsu ke yi, ta hana ta azumin. Jiya kuma ta fara zargin taifod, sai dai jikin ba zafi.

"Tashi ki kwanta a inuwa, 'yata. Bari in dafa miki citta da tafarnuwa."

"Mama, wannan ba irin na jiya ba ne," in ji Keziya, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kamar an soka mini wuƙa. Ina jin bayan gida."

Emilia ta kama ta ta raka ta bayan ɗaki. Ba abin da ya fito. A hanyar dawowa Keziya ta tsaya, ta ce gidan yana juyawa, ta jingina da rumbu. Da aka shimfiɗa mata tabarma ta kwanta, sai ta yunƙura ta tashi zaune tana riƙe da kafaɗa.

"Yanzu kuma kafaɗata ce. In na kwanta sai ta riƙe."

"To ai shi ke nan," Emilia ta ce, har ta ɗan ji sanyi a ranta. "Gajiya ce. Buhunan da kika yi ta ɗauka ne. Na gaya miki ki bar wa maza."

Tana neman man zafi a ɗaki ta ji sallama daga ƙofar gida. Hussaina ce, Bafulatanar da ke kawo musu nono daga rugar da ke ƙetaren rafi. Ta sauke ƙwaryarta, ta gaishe da Emilia, ta juya za ta tsokani Keziya kamar yadda suka saba, sai maganar ta tsaya mata a baki.

"Inna, me ya same ta?"

"Ciki ne, sai kuma kafaɗa. Aiki ya yi mata yawa."

"Kafaɗa?"

Hussaina ta tsuguna gaban Keziya. Ta taɓa goshinta, ta ji shi sanyi ƙalau ga gumi yana tsattsafowa. Ta ja fatar idonta ƙasa da babban yatsa. Emilia, da ke tsaye da kwalbar man zafi a hannu, ta ga abin da Hussaina ta gani: cikin idon fari fat, kamar ba a taɓa zuba jini a wurin ba.

"Keziya," in ji Hussaina, "yaushe rabonki da ganin wata?"

"Ke!" Emilia ta daka mata tsawa. "Ba a yin wannan tambaya a gidan nan."

Kowa a ƙauyen ya san haka. Fiye da shekara goma da auren Azariya da Keziya, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. A shekarun farko Emilia kan tambaye ta duk wata, cikin wasa da dariya, har wata rana ta iske ta a bayan rumbu tana wanke tsummokaranta tana kuka ba sauti. Daga ranar Emilia ta yi wa Ubangiji alkawari bakinta ba zai sake furta tambayar ba. Da 'yan'uwan mijinta suka taru suna ba Azariya shawara ya nemi haihuwa a waje, ita ce ta miƙe a gaban manya ta ce duk wanda ya sake kawo zancen kada ya zo jana'izarta. Ta rufe maganar haihuwa a gidanta, ta rufe ta har a cikin kanta.

Hussaina ba ta ko kalle ta ba. "Ki yi haƙuri, Inna. Keziya, gaya mini."

"Ya yi latti," Keziya ta ce tana lumshe ido. "Na watan jiya bai zo ba. Sai shekaranjiya na ga kaɗan, baƙi-baƙi. Na ce ko shi ne."

Hussaina ta miƙe tsaye da sauri har ta kusa ture ƙwaryar nononta.

"Inna, a nemo mota. Yanzu. Yayata Halima haka ta yi. Ta ce ciki, ta ce kafaɗa. Muka zauna muna shafa mata man shanu a kafaɗa tun hantsi. Kafin la'asar ta rasu. Da aka kai ta asibiti, likita ya ce jini ne ya cika mata ciki, mu kuwa ko ɗigo ba mu gani a waje ba."

Emilia ta dubi kwalbar da ke hannunta. Ba ta san lokacin da ta sake ta ba.

Sa'ar da suka ci ita ce Gershon, direban a-kori-kura da ke kwasar citta zuwa Kafanchan, yana lodi a gidan maƙwabta. Da ya ji ihun tsohuwar ya zo da gudu, ya dubi Keziya sau ɗaya, ya koma ya ce wa masu lodi su sauke rabin buhunan. Mai kayan ya fara ƙorafi, Gershon ya ce masa, "Citta ba ta mutuwa, oga." Aka shimfiɗa katifa tsakanin buhunan da suka rage. Hussaina ta ɗauki ƙafafu, Gershon ya ɗauki kafaɗu, aka ɗora ta. Emilia ta hau baya, abin da rabonta da yi tun tana da ƙarfi, ta ɗora kan Keziya a cinyarta.

Motar ta tashi, Hussaina ta bi su da gudu 'yan taku tana ɗaga murya: "Ki gaya musu kafaɗar! Kada ki manta, ki gaya musu wata bai zo ba!"

Hanyar ƙauyen duk ramuka ce da duwatsu. Duk ramin da motar ta faɗa sai Keziya ta yi ƙara, Emilia ta buga rufin motar ta ce a yi a hankali. Da suka hau kwalta Keziya ta daina ƙarar, sai Emilia ta shiga buga rufin tana cewa a yi sauri.

"Mama, ƙishi."

"Mun kusa, 'yata."

"Mama, kin rufe kaji?"

"Bar zancen kaji. Buɗe idonki ki kalle ni."

Ta buɗe, amma ba Emilia take kallo ba. Leɓɓanta sun yi fari kamar ta lashi toka. Cikin da Emilia ta sha matsawa kwanakin nan ta ji shi laushi, yanzu ya ɗaure ya yi tauri, ya ɗan taso. Tsohuwar ta so yin addu'a, ita da ke jagorantar addu'a a zumuntar mata, amma duk kalmomin suka gudu. Abin da ya rage a bakinta shi ne, "Yesu, Yesu, Yesu," tana faɗa iska tana kwashewa. Tana faɗa tana bin ciwukan da ta sani ɗaya bayan ɗaya, tsutsa, ulsa, taifod, afendis, tsakuwar ƙoda, tana neman inda za ta ajiye wannan. Bai shiga ko'ina ba.

A asibitin Kafanchan Gershon ya shiga da motar har bakin ɗakin gaggawa yana danna ham. Aka kawo gadon turawa. Wata nas ta naɗa wa Keziya abin awon jini a hannu, ta matsa, ta saurara, ta sake matsawa, sannan ta kira wata ta ce a kira likita maza. Suka yi ta neman jijiya a hannunta, jijiyoyin duk sun ɓace, sai da ƙyar aka samu aka rataya ledar ruwa.

Likitan saurayi ne siriri mai ɗan gemu, sunansa Badruddeen. Ya ɗora hannu a cikin Keziya, ta zabura.

"Mama, ke ce mahaifiyarta?"

"Matar ɗana ce. 'Yata ce."

"Tun yaushe take ciwon?"

Emilia ta fara ba shi labarin wake da kanwa da azumi, sai ta tuna da Hussaina tana bin mota da gudu. "Likita, ta ce kafaɗa tana mata ciwo. Kuma," ta haɗiye yawu, "wata bai zo ba."

Bai tsaya jin saura ba. Ya ba da umarni da Turanci, aka ja labule, aka turo wata na'ura mai allo. Emilia ta tsaya a bayan labulen tana kallon ƙafafun mutane suna kai da komo ta ƙasa. Ba a jima ba ya fito, ya ja ta gefe kusa da taga.

"Mama, mun gwada fitsarinta, mun kuma duba da na'ura. Tana da juna biyu."

Emilia ta tsaya tana kallon bakinsa.

"Wa?"

"Matar ɗanki. Ciki gare ta, wajen wata biyu."

Abin ya taso mata daga tafin ƙafa. Hannayenta suka tashi sama da kansu, bakinta ya buɗe, guɗar da ta ajiye fiye da shekara goma ta hau maƙogwaronta. "Na gode Ubangiji! Na go..."

"Mama. Mama, tsaya." Ya kama hannunta ya sauke. "Ki saurare ni, ba mu da lokaci. Cikin bai zauna a mahaifa ba. Akwai wata 'yar siririyar hanya da yake bi kafin ya kai mahaifa. A nan ya maƙale, ya girma, hanyar ta fashe. Jini yana zuba a cikin cikinta tun ɗazu. Shi ne ya taru har ya kai sama yana sa ta jin ciwo a kafaɗa. Sai mun shiga da ita tiyata yanzu mun ɗaure wurin."

"To, jaririn fa?"

"Ba zai rayu ba."

Ta ji kalmomin sarai, amma sai suka wuce ta kamar da wani ake. Ta kama rigarsa.

"Ɗana, ka gyara masa zama mana. Ka ɗauke shi ka sa a mahaifar. Mu ma in barkono ya fito a inda bai dace ba, cire shi muke mu dasa, ya kama."

"Da ana yi, wallahi da na yi, Mama. Ba a yi. Babu inda ake yi a duniya."

"Ba ka sani ba ne. Shekara goma da wani abu muna jira. Wannan ne na farko."

Likitan ya dube ta, ya sassauta murya. "Na ji. Amma in muka tsaya, ita ma za mu rasa ta. Ina mijinta?"

"Yana Abuja."

"To ke za ki ba mu izini."

Aka kawo takarda, aka shafa wa babban yatsanta tawada, ta dangwala. Aka turo Keziya ta gabanta. Idonta a rufe, an cire mata ɗankwali, kitson da Emilia ta yi mata ranar Asabar ya fito fili. Ƙofa ta rufe.

Sai kuma maganar jini. Asibitin yana da leda ɗaya da ta dace da ita, ana buƙatar ƙari. Emilia ta miƙa hannunta ta ce a ɗiba, nas ta ce shekarunta sun wuce. Gershon, wanda ta ɗauka ya tafi kai kayansa, ashe yana zaune a baranda. Ya naɗe hannun riga ya bi nas. Da ya fito da auduga a gwiwar hannu, ya kira abokansa masu lodi a kasuwar citta, uku suka zo a kan babur ɗaya, jikinsu duk ƙaiƙayin buhu, suna tambaya wace ce matar. Babu wanda ya san ta a cikinsu.

Gershon ne ya kira mata Azariya a wayarsa, don tata tana gida a kan tabarma.

"Mama, me ya faru? Gershon ya ce kuna asibiti."

"Cikin nan ne. An shiga da ita tiyata."

"Tiyata? Ba kin ce ulsa ce ba?"

"Ba ulsa ba ce."

"To mene ne? Afendis?"

Ta buɗe baki. Ta ji ƙarar injin kwaɓa siminti a bayansa, ta hango shi tsaye a kan bene da wayar a kunne, sama da ƙasa ba abin riƙewa.

"Ka sauko ƙasa tukuna. Ka nemi mota ka taho. In ka zo ka ji."

Ta zauna a benci tana kallon baƙin tawadar da ke yatsanta. Mutane suna wucewa da kwanukan abinci da fulas. Wata mata ta fito daga ɗakin haihuwa da jariri a naɗe cikin tawul, dangi suka kewaye ta suna dariya. Emilia ta juya fuskarta ga bango. Kwanakin nan duka tana kwana ɗaki ɗaya da yarinyar, tana matsa mata ciki da hannunta, tana dama mata kanwa. Duk macen da ta taɓa zuwa ƙofarta da ciwon mara, tambayar farko da take mata ita ce yaushe rabonta da ganin wata, ko budurwa ce sai ta ja ta gefe ta tambaya. Keziya kaɗai ta tsallake.

Rana ta yi sanyi kafin likitan ya fito. Ya cire hular tiyata, gashinsa jiƙe da gumi. Emilia ta kasa tashi, sai shi ya zauna kusa da ita a bencin.

"Tana nan da ranta, Mama. Mun tsayar da jinin. Abin da muka kwashe daga cikinta ya ba mu tsoro mu kanmu. Da kun ƙara zama a gida kaɗan, da wani zancen muke yi."

Ta rufe fuska da tafukanta.

"Likita, ka gaya mini gaskiya. Kanwar da na ba ta ce ta kashe shi?"

"A'a. Tun ranar da ya maƙale a wurin nan ba shi da hanyar rayuwa, ko a asibiti take kwana. Ba ke ba ce, ba ita ba ce. Abin da zuwa da wuri zai canza shi ne da ba ta zubar da jinin nan ba."

"Mutane suna zuwa wurina da ciwon ciki," ta ce a hankali. "Ina ba su abin da na sani."

"Na gane. Ciwon ciki da yawa yana wucewa da kansa, Mama, wani ma ganyenki ya ishe shi. Amma in kika ga mace wata ya wuce ta, ga ciwo a gefe ɗaya, kada ki ba ta komai, ki turo ta. In ciwo ya zo farat ɗaya da ƙarfi, ko ciki ya yi tauri, ko mutum yana ganin jiri yana gumin sanyi, ko yana aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi, ko amai ya ƙi tsayawa ga zazzaɓi, wannan ba na gida ba ne. Ko da dare ne a nemo mota."

Ta gyaɗa kai tana maimaitawa a ranta, kamar yadda take haddace aya.

"Mun cire hanyar da ta fashe," ya ci gaba. "Amma guda biyu ne, ta ɗaya gefen na duba ta, lafiyarta ƙalau a ido. Ban yi miki alkawarin komai ba. Na dai gaya miki abin da na gani."

"Ta sani?"

"Lokacin da muka gano, ba ta cikin hayyacinta. In ta warware gobe zan gaya mata."

"A'a," in ji Emilia. "Bari ni in gaya mata."

Da safe Keziya ta farka sosai. An rataya mata ledar jini, leɓɓanta sun fara dawowa da launinsu. Azariya ya kwana a tashar Abuja bai sami mota ba, ya yi waya ya ce yana hanya. Emilia ta jiƙa tsumma tana goge mata fuska. Tun asuba take shirya maganar, ta jera ta ta rushe, ta sake jerawa. Har ta yanke shawarar ta ce afendis ne, in yarinyar ta yi ƙarfi a gaya mata daga baya.

"Mama, me suka ciro?"

Emilia ta matse tsumman a kwano, ta daɗe tana matsewa bayan ruwan ya ƙare.

"Mama?"

"Ciki ne, 'yata."

"Na sani ciki ne. Me ke cikin?"

"Ba haka nake nufi ba." Ta zauna a bakin gado ta kama hannun da ba allura. "Juna biyu gare ki. Kin ɗauki ciki, Keziya. Amma bai kai mahaifa ba, ya tsaya a hanya, hanyar ta fashe. Ba yadda za a yi a cece shi. Ke ma da ƙyar."

Keziya ta kafe ta da ido. Ba ta ƙifta ba. Emilia ta yi shirin ihu, ta yi shirin riƙe ta kada ta fizge allurar, amma ba abin da ya motsa a fuskar.

"Ni?"

"Ke."

"Likita ne ya faɗa? Ba ke kika yi zato ba?"

"Ya gwada. Ya gani da idonsa."

"Ni na ɗauki ciki." Ta faɗa a hankali, kamar tana ɗanɗana kalmomin. Ta zare hannunta daga na tsohuwar, ta kai shi kan bargo, ta lalubo inda aka manna bandeji, ta ajiye tafinta a wurin. Can ɓangaren masu haihuwa wani jariri ya tsala kuka, wata nas tana rarrashinsa da waƙa. Hawaye ya gangaro daga gefen idon Keziya ya shiga kunnenta, ba ta share ba.

"Wata nawa?"

"Ya ce wajen biyu."

Keziya ta ɗaga ido tana kallon silin, leɓɓanta suna motsi. Emilia ta ɗauka addu'a take, sai ta lura da yatsunta suna lanƙwashewa ɗaya bayan ɗaya a kan bargon. Baya take komawa.

"Kenan ranar Kirsimeti yana nan," ta ce. "Da na dafa shinkafar nan mai yawa."

"Yana nan."

"Da muka je Kagoro bikin sabuwar shekara fa? Mama, kin tuna? Na shiga fili na yi ta rawa har kika ce in fito haka nan, mutane suna kallo, ni ba yarinya ba ce."

"Na tuna."

Wani abu mai kama da murmushi ya taɓa gefen bakin Keziya, ya yi rawa, ya tsaya.

"Ashe mu biyu ne muka yi rawar."

Emilia ta ɗora nata hannun a kan na Keziya, a kan bandejin, suka zauna a haka har aka fara rabon magani.